Ruwan da Rediyo Ke Sha

Zuwa ga ɗana Sarkin Tambaya,

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta daɗe ba ta ji muryarka ba, da fatan karatu bai ƙara tsotse ka ba, kai da dama can ba auki ne da kai ba. Mu nan lafiya, sai gwiwata da ke yi mini tsiya in na daɗe a kan keken ɗinki. Jikata Rediyo ce dai ba ta jin daɗi. Ka san ta, da gari ya waye take buɗe tasha, ba ta rufewa sai barci ya sace ta. To kwanan nan an rage mata murya. Ciwon ciki, ƙin abinci, ga kuka ba dalili. Na kai ta ƙaramin asibiti, sun ce tsutsar ciki ce, muna ta ba ta magani.

Na zaɓi takarda ne saboda a waya, daga "to Goggo, to Goggo" sai ka ce ana nemanka a aji ka kashe. Takarda kuwa ba ka da wurin kashe ta.

Maganar aikinku ce. Ka tuna ranar da ka shigo shagona da farfesanku, yana sunkuyar da kai kada ya bugi ƙofa, kai kuma bakinka har kunne kana cewa haɗin gwiwa ne, jami'a da unguwa, kafaɗa da kafaɗa. Za a gwada ruwan rijiyoyinmu, a ɗauki jinin yara a yatsa, a gano ko wurin fasa tsofaffin baturan nan na saman layi yana yi mana illa. Unguwar nan tana jingine da katangar jami'a tun ba a haife ka ba, amma abin da ke tsallako mana daga can bai wuce ruwan kwata da ƙarar janareta ba. Shi ya sa mutane suka ƙi. Ni na ajiye ɗinkin mutane na shige muku gaba, gida-gida. Inda aka ce ba shiga, na ce ɗana ne. Ban tsaya warware musu cewa kakarka da uwata ne 'yan maza zar ba, don zumuncin namu sai an shimfiɗa tabarma kafin a gama bin sa. Ɗana ne kawai, wanda ya kwana a ɗakin bayan shagona har ya gama digirinsa na farko.

Matar direba, maƙwabciyata, ita ta fi kowa kafewa. Cewa ta yi ba mai tsotsar jinin 'ya'yanta. Na dafa ƙirji na ce in wani abu ya biyo baya, ni za ta kama. Sannan ta miƙa musu hannun ɗanta. Yanzu ma ta sake haihuwa, namiji, ɗan ƙarami da shi.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Allon da kuka kafa a bakin layi ya yi tsatsa, awaki ke susa a jikinsa. Ba wanda ya dawo ya ce mana kanzil. Ka kuma san rijiyar gidana ita ce rijiyar layin nan, kullum da safe tsakar gidana ba wurin sa ƙafa saboda bokitai. Duk wadda ta jawo guga sai ta ɗago ta ce, Goggo Tela, ina labarin ɗanki? Na gaji da cewa ana nan ana aiki.

Ka rubuto mini abin da zan faɗa musu.

Ni ce goggonka.

*

Zuwa ga Goggo,

Gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, gwiwa bibbiyu a ƙasa. Takardarki ta same ni a bakin ɗakin gwaji, na karanta a tsaye ina dariya ni kaɗai, har wani abokin karatu ya tambaye ni ko lafiya. Ban rame ba, Goggo, wuyan riga ne ya yi mini yawa, kuma laifin telan nan ne, ba nawa ba. Allah ya sawwaƙe wa gwiwar. Rediyo kuma Allah ya ba ta lafiya, ki ce mata ina jiran labaran duniya in na dawo. Ki yi wa matar direba barka.

Ki yafe mini shirun da na yi. Nan reshen jami'ar da aka turo ni, nesa da gida, mutum ba ya ganin rana, daga ɗakin gwaji sai ɗakin karatu. Amma ga albishir. An gama gwajin. Ruwan da jinin da aka aiko nan, da hannuna na yi aikinsu, kuma abin da ya fito babban abu ne. An ɗan yi ja-in-ja, don masu ba da tallafin sun so su riƙe shi su sa sunansu a gaba, sai Farfesa ya tsaya kai da fata. Yanzu magana ta ƙare: sakamakon namu ne, ba mai raba mu da shi. A kansa zan rubuta kundin digirina, sai ki sa ni a addu'a.

Ki gaishe da matan layi, ki ce su ƙara haƙuri, komai yana bin tsari. Sai kuma, Goggo, ki kula da ruwan da Rediyo ke sha.

Ɗanki.

*

Zuwa ga Dakta,

Na san ba a ba ka sunan ba tukuna, amma halin ya riga ya iso, sai na ga gara in fara sabawa. Ina fata kana lafiya. Gwiwata tana nan yadda take. Rediyo ba sauƙi, maganin tsutsa ya ƙare, ciwon bai ƙare ba.

Da na karanta takardarka, ban tsaya cire tabarau ba na fita tsakar gida na yi wa mata shela. Na ce ɗana ya rubuto, an gama, kuma sakamakon namu ne, har wasu sun so su ƙwace aka hana su. Ka ga yadda suka yi murna kuwa? Wadda ke bina da harara tun bara ma sai da ta ce Allah ya yi maka albarka. Muka ce to, tunda namu ne, me ake jira? Mu je mu karɓo kayanmu.

Muka yi kwalliya, ni da matar direba da jaririnta a baya da wasu mata. Daga tagar ɗakina ina hango rufin ofishin, amma sai da muka zagaye katanga kaf a cikin rana kafin mu kai babbar ƙofa. A can masu gadi suka tsare mu suna tambayar wa ya gayyace mu. Na ce mu ne abokan haɗin gwiwar. Ɗayansu ya kalli silifas ɗinmu ya shiga ya buga waya.

Ofishin hulɗa da al'umma suke ce masa. Sanyi kamar cikin firji, kujeru na fata masu ƙara in ka motsa, ga injin ruwan sanyi a kusurwa da 'yan ƙananan kofuna. Ina ɗaga kai sai na yi ido huɗu da kaina. Hotona ne a bango, girmansa ya kai ƙofa, ina riƙe da kwalbar ruwan rijiyata ina dariya, har wushiryata a waje. Ban san ranar da aka ɗauka ba, ba kuma wanda ya tambaye ni. Sakatariyar ta kalli hoton, ta kalle ni, ta ce mu zauna.

Jami'in da ya fito mai ladabi ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce sakamakon bincike mallakar jami'a ne, ba a fitar da shi sai an buga a mujalla, hukuma kuma ta duba. Bayan nan za a shirya mana taron wayar da kai. Na ce masa kaina a waye yake, abin da nake so in sani shi ne me kuka gani a jinin jikata. Ya ce ba shi da hurumi.

Na ce, "Ɗana ya rubuto mini da hannunsa cewa sakamakon namu ne."

Ya yi murmushi, ya dafa tambarin jami'a da ke aljihun rigarsa, ya ce, "Ai gaskiya ya faɗa, Mama. Namu ne."

A nan na gane. Kai ka ce "mu", ni kuma don wauta na ɗauka har da ni a ciki. Ashe ka daɗe da canza "mu" ɗinka, ba ka aiko mini da sanarwa ba. Lokacin da ake neman mai buɗe ƙofofin gidaje, "mu" ɗin ya ɗauke mu duka, har awakin layi. Da aka zo kan abin da aka samo, sai ya tsuke ya koma daidai faɗin katanga. Ruwan daga gidajenmu ya fita, jinin daga yatsun 'ya'yanmu, amma sanin abin da ke cikinsu sai mai katin shiga.

Da muna dawowa na so matar direba ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Muna isowa ta shige gida ta turo ƙofa. Ka zubar mini da mutunci a layin da na yi shekaru ina tara shi, kuma ina jin haushinka har cikin raina.

Maganar ruwan Rediyo na ji, duk da a wutsiyar takarda ka liƙa ta. Yanzu tafasa shi nake yi sosai, sai ya ƙone ya koma rabin tukunya, in tace, in ba ta. Na aika wa matar direba ma ta riƙa yin haka, tunda nononta ya ƙafe, da ruwan take haɗa wa jaririn madara. Duk da fushin da take yi da ni, ta ɗauki shawarar, don na ce daga bakinka ta fito.

Goggonka, in har yanzu kana da ita.

*

Dakta,

Gaisuwa a taƙaice, don ban san ko akwai mai karɓa ba. Takardata ta tafi tun ana ruwa, ga shi har ƙasa ta bushe ba amsa. Na kira wayarka tana ta ringi ba a ɗauka. In mutuwa ka yi, a gaya mini in yi kukana in huta.

Rediyo ta fara manta kalmomi. Jiya ta tsaya a gabana tana nuna almakashi, sunan ya ƙi zuwa, sai ta fashe da kuka. Yarinyar da ke kwaikwayon muryar kowa a layin nan. Jaririn matar direba kuma ya yi jijjiga, idanu suka kafe, aka kwashe shi zuwa asibiti. Sun ce zazzaɓi ne ya hau masa kai, alhali jikinsa ba zafi.

Na koma ofishinku ni kaɗai. An ce jami'in yana taro, Farfesa ya yi tafiya. Hotona dai yana nan yana dariya.

Tambaya ɗaya nake yi maka, kai da aka yi wa laƙabi da tambaya. Me ka gani a ruwan nan?

*

Zuwa ga Goggo,

Ina gaishe ki, ina kuma roƙon Allah ya tashi kafaɗun yaran nan. Ni lafiyata lau, ban mutu ba. Na je wani taro ne a wani gari na gabatar da aikin, daga nan aka riƙe ni wani horo. Da na dawo na tarar da takardunki biyu a akwatin sashenmu, ɗaya a kan ɗaya. Wayar kuwa na gani, ban ɗauka ba ne don ban san abin da zan ce ba.

Kafin komai, Goggo, ki daina tafasa ruwan nan, yau ɗin nan. Ba ƙwayar cuta ba ce da wuta za ta kashe. Dalma ce, daga wurin fasa batura ta bi ƙasa ta gangaro. Ruwa ne ke ƙonewa, ita tana zama, saboda haka rabin tukunyar nan ya fi cikakkiyar tukunya guba. Rijiyar gidanki ita ta fi kowacce, don layin gangare ne kuma ke ce a bakinsa. A kai Rediyo da jaririn babban asibiti, a ce musu a fili a gwada dalma a jini. Akwai magani.

Yanzu ki bar ni in yi nawa fushin. Kin kira ni Dakta kina yi mini ba'a, kin mayar da ni maci amana. In ba ni ba, wa zai kawo gwajin nan unguwar? Jami'a tana da unguwanni da yawa da za ta zaɓa, ni na nace a kan tamu. Da ban yi ba, da har gobe tsutsar ciki ake ce muku. Kin ɗauka daɗi nake ji? Na sa hannu a kan alkawari cewa ba zan fitar da komai ba sai an buga. Na je wa Farfesa ba sau ɗaya ba, na ce akwai yara a layin nan. Ya ce an rubuta wa hukuma, doka ta cika, sauran ba namu ba ne. Ya ce in magana ta fita ba tsari, mutane za su far wa wurin baturan, mai wurin ya kai jami'a kotu, masu tallafi su janye, rijiyar burtsatsen da ake sa ran haƙa muku ta bi ruwa. Ni kuma a kore ni, shekarun da na yi a nan su tashi a banza. Shi ya sa na rubuta miki wancan layin. Iyakar abin da na iya ke nan, na kuma ɗauka za ki gane ki sayi ruwa daga waje.

Abin da na rubuta yanzu ya isa a kore ni. Don Allah, Goggo, ya tsaya tsakanina da ke. Ki rufe rijiyar a hankali, ba hayaniya, ki ce ta lalace ko wani abu. Saura kaɗan a buga aikin, daga nan kowa zai ji ta hanyar da ta dace. Ki rufa mini asiri.

Ɗanki, ko kin so ko kin ƙi.

*

Zuwa ga Sarkin Tambaya,

Na karɓi gaisuwarka, na mayar maka da irinta. Gwiwata ta kumbura saboda zirga-zirgar asibiti, amma ba ita ce a gabana ba.

Takardarka da rana tsaka ta zo, tukunyar ruwan Rediyo tana kan wuta tana tafasa. Na karanta har inda ka ce in daina, na tashi na juye ta a kwata, na zauna a ƙasa. Ni da hannuna na riƙa dafa wa jikata guba, ina tacewa da sabon ƙyalle don tsabta. Na kuma koya wa maƙwabciyata. Ka ce ka ɗauka zan gane. Kai da ka zauna a gidan nan, ka taɓa ganin wanda aka ce wa ya kula da ruwa bai ɗora tukunya ba? Abin da malaman lafiyarku suka koya mana ke nan tun ina budurwa. Kalma ɗaya ce za ta raba mu da wannan, ka riƙe ta, ka je ka faɗa wa baƙi a babban zaure suka tafa maka. Su an yarda su ji, don ba su za su sha ba.

Sannan ka ce in rufe rijiyar a hankali. Karatu ya kai ka inda ka manta yadda rijiya take. Wannan ba famfon banɗakinka ba ne da za ka murɗa ba wanda ya sani. Layi guda ke sha a nan. Na zauna na yi tunanin ƙaryar da ka ce in yi, don ina sonka, kuma wallahi na so in iya. Na ce zan ce mage ce ta faɗa ta mutu. To sai me? Maza su zo su yashe ta, kwana kaɗan a dawo da guga. In na ce ta rufta, su koma rijiyar gidan ƙasa, wadda ke shan ƙasa ɗaya da tawa. Kowace ƙarya na ɗauko, ƙarshenta yaro ne da kofi a hannu.

Na kira mai walda. Ya zo da faifan ƙarfe ya ɗora a bakin rijiyar, ya liƙe ta da wuta, tartsatsi yana tashi, mata suna tsaye da bokitai suna kallo. Da ya gama, sai na gaya musu. Dalma, da wurin batura, da tafasawar, duka. Ban ambaci sunanka ba, amma ba wanda ya tambaya daga ina na ji, don ɗa ɗaya gare ni a jami'a.

Ba a far wa kowa ba, ka gaya wa Farfesa. Ya ɗauka mu dabbobi ne da za a ɓoye wa magana kada mu yi tunkuyi. Mutane sun tafi neman ruwa ne da asibiti, kamar yadda shi ma zai yi in 'ya'yansa ne. Washegari maza suka je babbar ƙofa suka zauna a ƙasa, suka ce ba za su tashi ba sai an kawo motar ruwa. An kawo kafin yamma. Ashe akwai ta tuntuni, filin ƙwallo take yi wa ban-ruwa.

Jami'in nan mai ladabi ya zo shagona da kansa, karo na farko da takalminsa ya taka layinmu. Ya zauna a kan kujerar masu gwada kaya, yana kakkaɓe zare daga wandonsa. Bai tambayi jikin Rediyo ba. Abin da ya kawo shi, wa ya fitar da maganar. Na ci gaba da taka kekena har ya gaji ya tashi. Amma ba wawa ba ne, saboda haka ka shirya, za su neme ka.

Ban so a kore ka ba, kuma in an kore ka zan yi kuka, don na san dararen da ka yi kana karatu da fitilar shagona. Ɗakin baya yana nan, zan kwashe yadikan da na zuba a ciki. Amma ba zan ba ka haƙuri ba, kar ka jira.

An gwada jinin Rediyo, an samu, da yawa. An ɗora ta a kan magani. Likitan ya ce ciwon cikin zai tafi, wasu kalmomin za su dawo, wasu kuma sai dai a jira a gani. Jaririn an ba shi gado. Shi kam, likitan ya daɗe yana kallon takardar gwajinsa.

Jiya muna zaune a benci a barandar asibiti, ni da matar direba, kwanon abincin da ba ta taɓa ba yana tsakaninmu. Na ce mata ga ni, ni na ce ta kama ni, ta yi duk abin da ta ga dama. Ta ce ba ni take nema ba. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce, "Goggo Tela, tun yaushe suka sani? Kafin in fara ba shi madarar ne, ko bayan na fara?"

Na ce mata zan tambaye ka. Ba ni za ka ba amsar ba, ita za ka rubuto wa. Ba ta iya karatu ba, ni zan karanta mata, kuma ba zan tsallake ko kalma ɗaya ba.

Goggonka.